Yadda Na Kai wa Gwaggo Labarin Zakari

A Libiya ne na gane cewa tafiyar nan ta fi ƙarfina. Mun yi watanni muna aikin gini a wani gari na bakin teku, ni da Zakari, ɗan gwaggona, wato taubashina. Ni mutumin Gaya ne, ta bakin iyakar Benin, aikina a da ɗaure kaya a kan kamiyo, manyan motocin kaya, kusa da duwan, wato ofishin kwastan, karatuna kuma a aji shida na lakwal, makarantar boko, ya tsaya. Shi a Tunuga aka haife shi, bakin kogi kusa da Gaya, ubansa Basarke ne, masunci, cikin jirgin kamun kifi ya girma. Ni mutum ne mai yawan tunani, abin da bai faru ba ma yakan hana ni cin abinci. Shi kuwa ko a jikinsa. Bawana yake ce mini, kamar yadda taubasai ke yi, kuma yakan ce ko Aljanna aka sa ni sai na tambaya ko ƙofar tana kulluwa.

Wani dillali da kowa ke kira Alhaji ya yi mana alkawarin babban jirgi zuwa Italiya. Ya tsare mu a wani gida marar taga, ya karɓe telefon ɗinmu wai don tsaro. Ranar da aka kai mu gaɓa, abin da muka tarar bai fi jiragen da ke ɗaukar albasa zuwa Malanbil ta ƙetaren Benin girma ba, ga mutane an cusa kamar buhuna. Yaran Alhaji suka tambaya wa ya iya moter, wato injin jirgin. Na mintsini Zakari don ya yi shiru, amma ya riga ya ɗaga hannu. Ya ce mini a hankali, in bai riƙe ba wani tela ɗan Mali za su ba, wanda ko kogi bai taɓa ƙetarewa ba, mu halaka gaba ɗaya. Suka nuna masa inda zai dosa, suka koma gaɓa abinsu.

Ban san kwana nawa muka yi a ruwa ba, kuma ba na son in faɗi abin da ban tabbatar ba. Na dai san ruwan sha ya ƙare. Na san teku ta tashi sau biyu, mutane suna ta salati, wasu suna son miƙewa, Zakari yana daka musu tsawa su zauna, yana juya kan jirgin ya fuskanci igiyar ruwa. Bai saki moter ba ko sau ɗaya. Ɗan ruwan da ya rage masa ya miƙa wa wata mata mai goyo. In ya ga tsoro ya kama ni sai ya ce, “Bawana, rufe ido, ka ɗauka Tunuga za mu, Gwaggo ta dafa maka kifi.”

Akwai wani Basudane kusa da mu, Usman, wanda ya taɓa gwada wannan hanya aka mayar da shi. Shi ya gaya wa Zakari cewa Turawa duk wanda suka samu riƙe da moter shi suke ɗauka mai safarar mutane, su ɗaure shi shekaru masu yawa. Da kyakkyawar niyya ya faɗa, na tabbata.

Da hantsi muka hango ƙasa, duwatsu da wani farin gini, muka kuma hango jirgin masu tsaron teku yana nufo mu. Sai na ga mutanen da ke kusa da Zakari suna ja da baya, kowa yana nesa da moter, har ya rage shi kaɗai a gindin jirgi. Ya dubi jirgin hukuma, ya dubi gaɓa, ya cire rigarsa. Na riƙe masa hannu na ce kada ya yi.

“Ruwa ba ya cin Basarke,” ya ce. “Mu haɗu a gaɓa, bawana.”

Ya faɗa. Na bi kansa da ido yana iyo da kyau, yadda na saba ganinsa a kogi. Mutumin da ya kwana biyu bai ci ba bai sha ba, ga ruwan da sanyi kamar ƙanƙara. Igiya ta rufe shi ya fito, ta sake rufe shi ya fito. Daga nan ban ƙara ganinsa ba.

Sai da aka sauke mu na ji cewa ba Italiya ba ce, wani tsibiri ne na ƙasar Girka. Sunan ƙasar ma a lakwal kawai na taɓa jinsa. Daga baya aka tsinci gawar, aka kira ni na shaida shi ne. Ni da Usman muka yi masa wanka, muka yi masa salla mu kaɗan, aka ba mu wuri a gefen maƙabartarsu. Na tambayi mutum uku alƙibla kafin in yarda a sa shi, kuma duk da haka na daɗe ina jin tsoron ko mun karkata.

Wata ma'aikaciya ta ara mini telefon na kira Baba Sanda, ƙanen uban Zakari, don uban nasa ya riga mu gidan gaskiya, kuma irin wannan labari ba a jefa wa uwa shi kai tsaye. Na ce Zakari ya rasu a ruwa. Ya yi salati, ya tambaya ko jirgin ne ya kife. Na ce maganar ba ta telefon ba ce. Da na sake kiransa daga sansanin da aka kai mu, ya ce an yi zaman makoki, liman ya ce wanda ruwa ya ci shahidi ne, kowa ya samu sanyi. Gwaggo kuwa ba ta tambayi komai ba. Zakari ɗan farinta ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba za ta yi kukansa a gaban mutane ba. Saƙo ɗaya ta ba da: in abokin tafiyar ya dawo, ya zo ya gaya mata da bakinsa.

Wannan saƙo na ɗauka a kai duk zamana a Girka. In na ce shi ya faɗa ruwa da kansa, na san bakin mutane. Wasu za su ce ya kashe kansa, wasu su ce laifi ya yi yake gudun hukuma, kuma matarsa Ramatu da 'yarsa su za su zauna da wannan magana. In na ce jirgi ne ya kife, na yi wa mamaci ƙarya, a gaban uwarsa, alhali Allah ya ga abin da ya faru. Duk inda na juya ba hanya.

Sansanin ba abin da ke cikinsa sai jira. Da na ga takardar izinin zama ba ta da ranar fitowa, na bi wasu 'yan Gini zuwa yankin gonakin lemo. Mai ɗaukar ma'aikata na farko ya sa mu aiki har kakar ta kusa ƙarewa, sannan ya ɓace da hakkinmu, ba mu da inda za mu kai ƙara. Muna kwana a wani ɗakin ajiyar taki. Akwai wata mai gasa burodi da ke ajiye mana na jiya a leda bakin ƙofarta, ba ta taɓa yi mana magana ba, in mun gaishe ta sai ta ɗaga hannu. A lokacin abin da nake kewa ba babba ba ne. Muruci mai zafi da ake sayarwa bakin tasha, da raken Gaya, da hayaniyar 'yan kabu-kabu a kan gadar kogi.

Daga nan na samu aiki wurin wani tsoho mai ƙaramar gona, sunansa Manoli. Ni Baba Manoli nake ce masa, shi kuma ya kasa faɗin sunana, Idi, daidai har muka rabu. Tsohon malamin makaranta ne, yana jin Faransanci, matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna birni. Shi ne ya fara biyana ba tare da na roƙa ba. In ya kawo abinci sai na tambaye shi ko da alade a ciki, kullum, ko da wake ne zalla, har ya koma yana rantse mini tun daga nesa kafin ya iso.

Ya lura cewa duk lokacin da muka bi hanyar bakin teku da motarsa nakan juya fuska. Sai wata rana bayan azahar ya ce in ajiye kwando in raka shi. Ya kai ni wani wuri a jikin tudu, an sassaƙa duwatsu hawa-hawa kamar rabin ƙwarya, a ƙasa ga fili zagayayye. Na tsaya a bakin wurin ina tambaya ko ɗakin gumaka ne. Ya ce mutanen da suka gina shi suna da gumakansu, ba zai ɓoye mini ba, amma sun mutu tun kafin Annabi Isa, yanzu 'yan makaranta ne ke koyon wasa a ciki. Na yi ta shawara da zuciyata, sannan na shiga da bisimilla na zauna can sama.

'Yan makarantar suna ƙasa. Wasu 'yan mata sun jeru gefe guda suna magana baki ɗaya, kamar 'yan amshi. Sai wani saurayi ya shigo da gudu ya tsaya gaban wata da aka yi wa shigar tsohuwa, ya yi ta magana mai tsawo. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na san abin da yake yi tun kafin a fassara mini. Baba Manoli ya ce labarin mutuwa ya kawo. Ya ce a wasanninsu na da ba a nuna mutuwa a fili, can baya take faruwa, sai wanda ya gani ya zo ya faɗa. Duk nauyin wasan a bakin wannan mai kawo labari yake.

Ban sani ba ko na fahimci duk abin da ya gaya mini a ranar, don Faransancina na aji shida ne, nasa kuma ya tsufa. Ga dai abin da na riƙe. Ya ce wani malaminsu na zamanin da ya zauna ya duba yadda mawaƙa ke tsara irin wannan wasa, ya fitar da ƙa'idojinsa. In mugu ya faɗi, ba mai jin tausayinsa. In salihin da ba ya kuskure aka halaka haka kawai, mutane haushi za su ji. Wanda ake so shi ne mutum kamarmu, ko wanda ya ɗan fi mu, ya yi kuskure guda ba don mugunta ba, sau da yawa ma a cikin abin da ya fi kowa iyawa. Mai kallo sai ya ji tausayinsa, ya kuma ji tsoro don ya san shi ma zai iya yin haka. Tausayin da tsoron in sun fita da hawaye, zuciya takan wanku. Na dube shi na ga idonsa ya yi ja. Ya ce tun rasuwar matarsa nan yake zuwa, don a gida ya kasa kuka.

Ya ƙara da cewa mawaƙi ba dole ne ya faɗi abin da ya faru ba, yana iya faɗin abin da zai iya faruwa. Nan na ce masa a wurinmu sunan wannan ƙarya. Ya yi dariya har da tari, ya ce to mawaƙi ke nan, ni ba mawaƙi ba ne, in gaya masa abin da ke hana ni kallon teku.

Na ce ɗan'uwana ne ya faɗa ruwa da kansa ya mutu, kuma uwarsa tana jirana.

Ya ce in haka zan faɗa mata, na kashe shi sau biyu. Wai na fara daga ƙarshe. Labari yana da farko da tsakiya da ƙarshe, kuma kowane abu sai ya fito daga wanda ya gabace shi, har mai sauraro ya ga cewa da shi ne a wurin da wuya ya yi dabam. Ya tambaye ni wa ya ba shi moter, me ya sa ya karɓa, me ya yi da shi, wa ya tsorata shi, mutane nawa suka taka ƙasa da rai saboda shi. Ina ba shi amsa yana cewa, to wannan ma ka gani da idonka, me ya sa ka bar shi? Bai ce in ƙara komai ba, bai ce in rage ba. Sai na tuna makaɗan Sarkawa a Tunuga. Ba su taɓa fara waƙar mutum daga ranar da dorina ta kife shi, daga kakansa suke farawa.

Tun daga ranar, in ina tsinkar lemo ina jera labarin da Hausa a bakina. Wani lokaci in ga na gyara wa Zakari magana ta fi yadda ya faɗe ta daɗi, sai in yi istigfari in mayar da ita yadda take. Wani lokaci in ga na cire inda na riƙe masa hannu don kada a ce ina wanke kaina, sai in mayar, tunda ya faru. Abin da na kasa yankewa shi ne ko tsari zai isa. Mutanen Tunuga ba 'yan kallon wasa ba ne, danginsa ne.

Takarda ba ta fito ba. Da aka ce akwai masu mayar da mutum gida in ya yarda, na sa hannu. Baba Manoli ya kai ni tasha, ya cika mini leda da lemo, ya rantse mini babu alade a ciki.

Na kwana biyu a Gaya kafin in iya hawa kabu-kabu zuwa Tunuga. An gama yankan shinkafa, ana ta sussuka a fadama. Baba Sanda ya tare ni tun a ƙofar gida, ya ja ni gindin bango bayan mun gaisa. Ashe ya daɗe da zargin wani abu, tun ranar da na ce maganar ba ta telefon ba ce. Na gaya masa a taƙaice. Ya ce kowa a garin nan ya san jirgi ne ya kife, in bar shi a haka, ba wanda zai tambaye ni. Na ce ba zan iya ba.

“Kai dai tun kana yaro haka kake,” ya ce. “Gaskiyarka za ta ciyar da marainiyar nan? In suna ya ɓaci, kai za ka gyara?”

Na ce ban sani ba, Baba. Kuma da gaske ban sani ba. Muka shiga.

Gwaggo tana zaune a inuwar rumbu da faifai a cinya tana tsintar shinkafa. Ta rame. Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata gaisuwar rashi, ta amsa kamar ana maganar ɗan maƙwabta. Ta tambayi mutanen Gaya, ta sa aka kawo mini ruwa. Ramatu tana bayan zana, ina ganin ƙafafunta. Sai Gwaggo ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “To, ina jin ka.”

Na fara daga yadda aka yaudare mu da babban jirgi. Na faɗi telan Mali, da dalilin da ya sa ya ɗaga hannu. Na faɗi tashin teku, da ruwan da ya ba mai goyo, da yadda bai saki moter ba. Na faɗi maganar Usman, da yadda mutane suka janye suka bar shi shi kaɗai. Da na zo inda ya cire riga na tsaya na sha ruwa, na ci gaba. Na faɗi abin da ya ce, yadda ya ce shi. Na ce ya faɗa da kansa, na ga yana iyo, na daina ganinsa. Na faɗi wanka da salla da inda aka sa shi.

Baba Sanda ya sunkuyar da kai yana zane ƙasa da tsinke. Ina jira in ji an ce innalillahi irin wadda ake yi wa abin kunya.

Gwaggo ta ce, “Gaɓar tana da nisa?”

Na ce na yi ta auna wannan a raina. Kamar daga mashigin jiragenku ne zuwa ƙetaren Benin in kogi ya cika. Wataƙila ta ɗan fi haka, ba na son in yi ƙarya.

Ta gyaɗa kai. “Yaron nan tun bai yi kaciya ba yake ƙetare wannan. Da a nan ne, da ya kai.”

Baba Sanda ya ɗago ya dube ta, ya dube ni. Ya ce a hankali, kamar mai gaya wa kansa, ashe gaɓa ya nufa. Ya share fuska da hannun riga, ya ce shi zai gaya wa liman da kansa, kuma duk mai wata magana ya zo ya same shi.

Gwaggo ta kira Ramatu ta ce ta leƙa ta kira matan maƙwabta, da 'yan'uwan ubansa, duk wadda ke gida ta zo. Na ɗauka sallamata za a yi, na fara neman takalmina. Ta ce in zauna.

“Ka sake faɗa musu daga farko, yadda ka faɗa mini, kada ka canza komai. Ni ba ni da halin yi. Su ji, su yi mini.”

Matan suka shigo suka cika tsakar gida, wasu da goyo, wasu hannunsu da ƙaiƙayi. Na sake farawa. Tun ina wurin mai goyo Ramatu ta fashe da kuka, sauran suka kama, har sai da na riƙa tsayawa ina jira su lafa. Gwaggo tana zaune a tsakiyarsu, idonta a kan faifai. Har na gama hannunta yana cikin shinkafar, bai motsa ba.